Sanya kayan gargajiyar wasu al'umma don ɗaukar hoto: halal ne ko kamanceceniya?

Tambaya

Ni mazaunin Gusau ne. An ɗaura mini aure makonni biyu da suka wuce, amarya ba ta tare ba tukuna. Mun yi magana da wani mai hoto, ya ce zai ba mu hayar kayan Fulani ya kai mu gindin Dutsen Kwatarkwashi ya ɗauke mu, sannan mu dawo situdiyo mu sa kayan Indiya. Wana kuma, wanda yake zuwa ƙasar Biyetnam kan harkar kashu, ya turo wa dangi hotonsa shi da iyalinsa sanye da kayan gargajiyar can. Da kawunmu na Tsafe ya ga hoton, ya kuma ji shirinmu, sai ya ce duk wannan kamanceceniya ce da kafirai, har ya ce in muka yi ba zai zo walima ba. Shin haramun ne da gaske? In ba haramun ba ne, ina iyakarsa?

Amsa a taƙaice

Tufa ba ta haramta don kawai wata al'umma ce ta fara ɗinka ta. Tana haramta idan alamar wani addini ce, ko ba ta suturta al'aura ba, ko namiji ya sa ta mata ko mace ta sa ta maza, ko alharini ce a jikin namiji, ko an sa ta don izgili ko yaudara. A cikin abin da ka zayyana, inda aka fi buƙatar taka-tsantsan shi ne wanda zai ɗauki hoton da kuma inda hoton zai ƙare.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Allah Ya sanya albarka a aurenku, Ya ba ku zuriya ɗayyiba.

Ɗan'uwa, ka sani cewa tufafi suna cikin babin al'adu, kuma ƙa'idar malamai ita ce asalin al'adu halacci ne har sai dalili ya zo da hani. A Suratul A'araf aya ta 26 Allah Ya ambaci amfanin tufa guda biyu, suturta tsiraici da ado, a aya ta 32 kuma Ya yi inkari ga wanda ya haramta adon da Ya fitar wa bayinSa. Saboda haka wanda ya ce wata riga haramun ce, shi ne zai kawo hujja.

Manzon Allah (S.A.W.) bai zo wa Larabawa da sabon ɗinki ba. Abin da mutanen garinsa suke sawa shi ya sa, alhali da yawa daga cikin yadin da ke shiga Hijaz a lokacin saƙar wasu ƙasashe ne da Musulunci bai kai gare su ba tukuna. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Mugira ɗan Shu'uba (R.A.) cewa a tafiyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, Annabi yana sanye da wata jubba ta ƙasar Sham, a riwayar Tirmizi an ce ta Rumawa, hannunta ya yi ƙunci har sai da ya zaro hannuwansa ta ƙasa kafin ya wanke su a alwala. Sham a wannan shekarar tana hannun Rumawa Kiristoci. Najjashi ya aiko masa huffi biyu baƙaƙe, ya sa su, ya yi shafa a kansu. Asma'u 'yar Abubakar (R.A.) ta adana wata jubbarsa da ake jinginawa ga Kisra, wato ɗinkin Farisa, kamar yadda yake a Sahihu Muslim. Ga kuma labarin Ummu Khalid, yarinyar da aka haifa a Habasha lokacin hijira: da hannunsa ya yafa mata wani baƙin mayafi mai zane, yana nuna zanen yana yaba mata da kalmar Habashanci.

Kai ma buɗe akwati ka duba. Shaddar da za ka sa ranar walima, in Getzner ce, a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya aka saƙa ta. Atamfar Holan da ke cikin lefen amaryarka asalinta zanen batik ne na tsibirin Jaba a Indunisiya, wanda kamfanonin Holan suka kwaikwaya a ƙarni na 19. Alkyabba da hular dara Sahara suka ratso daga Arewacin Afirka, lafaya ta Barno ta biyo, jallabiya da abaya kuwa tsarabar alhazai ce. Ba mu taɓa jin malamin da ya hana shadda don Nasara ne suka saƙa ta ba.

To daga ina hanin ya fito?

Kawunka bai yi magana a banza ba. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin Ibn Umar (R.A.) da ke nuna cewa wanda ya kamanta kansa da wasu mutane cikinsu ake ƙirga shi. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya ga Abdullahi ɗan Amru da tufafi biyu da aka rina da usfuru, ya hana shi sa su, ya kuma ba da dalilin cewa shigar kafirai ce. Umar (R.A.) ya rubuta wa rundunar da ke Azarbaijan yana gargaɗinsu kan holewa da shigar mushrikai da alharini. Shaikhul Islam Ibn Taimiyya ya yi littafi sukutum a kan wannan babi, Iƙtida'us Siraɗil Mustaƙim.

Abin tambaya shi ne yadda za a haɗa waɗannan da jubbar Rumawan da ta gabata. Malamai sun haɗa su da cewa abin da aka hana shi ne tufar da ta keɓanta da ma'abota wani addini, ta yadda duk wanda ya gan ka da ita zai ce wannan ɗan addini kaza ne. Wannan siffa kuwa tana sauyawa da zamani da wuri. An tambayi Imam Malik game da burnusi, wato irin alkyabbar nan mai hula, ya ce babu laifi. Aka ce masa ai tufar Nasara ce, ya amsa da cewa a nan Madina ma ana sa ta. Ibn Hajar ya kawo wannan a Fatahul Bari. A can ne kuma ya yi bayani kan wani mayafi da ake kira ɗailasan, wanda Anas (R.A.) ya gani a jikin wasu ya ce sun tuna masa da Yahudun Khaibara: Ibn Hajar ya ce ƙinsa yana tsayawa ne a zamanin da yake alamarsu, da ya daina zama alamarsu sai ya koma cikin halal. Mu ma a ƙasar nan mun san tufa tana iya zama tuta. A ƙarshen ƙarni na 18 Sarkin Gobir Nafata ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata yafa mayafi, don ya gane cewa da su ake shaida jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Mafi tsanani a wannan babi shi ne abin da yake alamar bauta kai tsaye: gicciye, rigar limaman coci, mayafin sufayen addinin Buda, ɗigon goshi na masu bautar Hindu. A Mukhtasar, Shaikh Khalil ya lissafa ɗaura zunnar, igiyar da Kiristoci ke ɗaurawa a ƙugu a da, cikin ayyukan da ke nuna ridda. Masu sharhi suka ƙayyade maganar da cewa hakan yana kasancewa ne idan an yi shi don so da karkata ga addinin. Wanda ya ɗaura don wasa bai kafirta ba, amma ya aikata haram. Ka lura da wannan da kyau, domin uzurin da masu hoto suke bayarwa ke nan: ai wasa ne, na minti biyar ne. Wasan yana kare mutum daga a kafirta shi, bai wanke shi daga zunubi ba.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, kayan da suka fi faɗawa cikin wannan hukunci a Zamfara ba daga waje suka zo ba. Shigar 'yan bori, inda kowane iska yake da tufarsa da launinsa, da rigar boka mai ƙahoni da madubai, su ne alamar wata bauta da ba ta Allah ba. Saurayi ya sa su a ranar al'adu ya ce gadon Bahaushe ne, wannan ya fi kusa da abin da kawunka yake tsoro fiye da rigar da wanka ya sa a Biyetnam.

Kayan Fulani

Ta fuskar kamanceceniya babu magana a nan. Fulani Musulmi ne, kuma ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Sarautar Bungudu, ƙaramar hukumar da Kwatarkwashi take ciki, Sarkin Fulani ake ce mata, Gusau kuwa Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu, shi ya kafa ta a farkon ƙarni na 19. Bahaushe ya sa rigar saƙi da malfa ya saɓa sanda, ko Bafulatani ya zuba babbar riga, duk abin cikin gida ne. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ta nuna cewa an yi mu al'ummomi da ƙabilu ne don mu san juna.

Matsalar tana ga kayan mata da situdiyo ke bayarwa haya. Galibi 'yar guntuwar riga ce da take barin ciki da damatsa a waje, da zani iya ƙwauri, kai a buɗe da kitso da tsabar azurfa. A gaban miji wannan halal ne, ado ne ma da ake samun lada a kansa. A gaban namijin da ba muharrami ba kuwa bai halatta ba, kuma riƙe kyamara ba ya mayar da mutum muharrami. Aya ta 31 a Suratun Nur ta lissafa waɗanda mace za ta bayyana wa adonta ɗaya bayan ɗaya, babu mai hoto a cikinsu. Gyaran kuma ba wuya: ke 'yar'uwa, ki sa doguwar riga mai dogon hannu a ciki, ki rufe gashi da wuya da ƙirji da mayafi mai kauri, ki ɗora duwatsun wuya a kai. Ƙwarya da faifai da ludayi ba su da laifin komai. Matan Fulani na rugage da yawa ma haka suke shiga in za su shigo kasuwar Gusau ko ta Tsafe, shigar situdiyon ta fi kama da ta fina-finai.

A kula da kitso. Dogayen kalabar nan da ake gani a hotunan ranar Fulani yawanci ƙari ne, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito tsinuwa a kan mai ƙara gashi da wadda ake ƙara wa. Malikiyya sun tsananta a nan, ko da abin da aka ƙara ba gashin mutum ba ne. Alƙali Iyad ya yi rangwame ne kawai a kan zare mai launi da kowa ya san ba gashi ba ne.

Sai magana ta biyu, wadda a ganina ta fi nauyi a wannan lokaci. Ka san halin da Zamfara take ciki. Shekarun nan na tashin hankali sun bar miki tsakanin maƙwabtan da suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya, suna bin liman ɗaya. Wanda ya sa kayan Fulani don yana ganin kyansu, ya yi abin da babu laifi. Wanda ya sa su yana karya harshe a bidiyo don a yi dariya, ko mafi muni ya rataya bindigar roba yana kwaikwayon 'yan bindiga, ya faɗa cikin izgilin da aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana, ya kuma ɗora laifin wasu a kan al'umma guda, alhali a cikinta akwai waɗanda aka kore wa shanu aka kashe wa 'ya'ya kamar kowa. Ga ma'auni mai sauƙi: in za ka iya nuna hoton ga maƙwabcinka Bafulatani ba tare da ka ji kunya ba, to niyyarka ta fito a hoton yadda ya kamata.

Kayan Indiya

Indiya tana da Musulmi sama da miliyan 170 a ƙidayar 2011, kuma doguwar rigar ango da ake kira sharwani, da riga da wandon shalwar kamis, tufafinsu ne su da Musulmin Pakistan. Babu laifi a kansu. Sari kuwa, yadda aka saba naɗa shi, yana barin ciki da baya a fili, hukuncinsa ɗaya da guntuwar rigar da muka ambata. Abin da za ku ƙi gaba ɗaya shi ne jan garin da ake zubawa a tsagar gashin matar aure, da ɗigon goshi, da sarƙar auren da ango ke ɗaura wa amarya a wuya, da haɗa tafuka a gaban fitila ko gunki. Waɗannan daga bukin auren Hindu suka fito, mun saba ganinsu ne a fim har muka ɗauka kwalliya ce.

Rigar da wanka ya sa

Sunanta ao dai, ma'anarta doguwar riga. Mutanen arewacin Biyetnam suna furta ta kamar au zai, na kudu kamar au yai. Doguwar riga ce mai tsaga ta gefe biyu, ana sa ta a kan wando mai faɗi. Masana tarihinsu suna mayar da asalinta ga umarnin da wani sarkin kudancin ƙasar, Nguyen Phuc Khoat, ya bayar a 1744 cewa mutanensa su riƙa sa riga mai maɓalli da wando, don su bambanta da mutanen arewa. Daga nan aka sami tsohon samfurin da suke kira ao ngu than, mai ƙyalle biyar, sakakke, wanda maza da mata suke sawa. A shekarun 1930 wani mai zane a Hanoi, Cat Tuong, ya sake mata fasali ya matse ta, yana kwaikwayon ɗinkin Faransa. Daga baya teloli suka ƙara matse ta har ta zama yadda ake ganinta yau. Hular nan mai tsini da ake haɗawa da ita, non la, ta ganye ce, aikinta aikin malfa: kare rana da ruwan sama.

Ka ga ke nan tufar ƙasa ce da sarauta ta kafa, mai bin Buda da Kirista da wanda ba shi da addini duk suna sa ta. Ƙasar ma tana da nata Musulmin, mafi yawansu 'yan ƙabilar Cham, da masallatansu a lardin An Giang. Don haka sa ta a can, a gari irin Hoi An, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, inda baƙi ke hayar ta su yi hoto a tsofaffin lunguna, bai zama kamanceceniyar da aka hana ba.

Amma samfurin zamani na mata bai cika sharaɗin sutura ba. Yana kama jiki daga kafaɗa zuwa ƙugu, tsagar tana farawa daga saman ƙugu har fata ta leƙo, yadin kuma sau da yawa shara-shara ne. A nan akwai hadisin da kamar don wannan mas'ala ya zo. Imam Ahmad ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya ba Usama ɗan Zaidu wata tufa saƙar Ƙibɗawan Masar, Usama ya ba matarsa. Da Annabi ya ji, bai ce a cire ta don Kiristocin Masar ne suka saƙa ba. Ya ce a umarce ta ta sa wata riga a ƙarƙashi, don yana tsoron tufar ta siffanta jikinta. Haka matar wanka za ta yi: ta nemi tsohon samfurin mai faɗi, ko ta sa a ɗinka mata sakakke mai kauri, ta sa riga a ciki, ta rufe kai da ƙirji.

Shi kuma namiji ya tambayi yadin. Biyetnam ƙasar alharini ce, alharini na gaske kuwa haramun ne ga maza sai gwargwadon yatsu huɗu, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Umar (R.A.). Na roba mai sheƙi babu laifi. Ya guji mai zanen dodanni da tsuntsaye in ya sami wata. Sannan ga wata mas'ala da matafiya ke mantawa: a mazhabar Malik ba a salla da tufar da wanda ba Musulmi ba ya riga ya sa sai an wanke ta, saɓanin sabuwa da ya saƙa bai sa ba. Rigar haya ta ratsa jikin mutane da yawa, sai ya canza kafin ya tayar da salla. Wasu malaman suna ganin asali tsarki ne matuƙar ba a ga najasa ba, amma canzawar ba ta da wuya.

In mai hoto ya kai su wurin bautar Buda ya ce su riƙe turaren tsinke a gaban gunki ko bagaden kakanni, su ƙi, ko da ba abin da suka ƙudurta a zuci.

Hoton kansa

Hadisan da suka tsananta kan masu yin sura ingantattu ne. Saɓanin yana kan ko hoton kyamara ya shiga cikinsu. Shaikh Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Masar da ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta shi, da hujjar cewa tsare inuwa ne kamar abin da madubi ke nunawa. Shaikh Ibn Baz da Shaikh Albani sun haramta shi sai don lalura irin ta fasfo da katin shaida. Shaikh Ibn Usaimin yana ganin ɗauka da na'ura ba ita ce surantawar da aka hana ba, hukuncin yana bin manufa, duk da haka bai yarda da ajiye hoto don tunawa kawai ba. Malikiyya tun da can sun bambanta tsakanin sura mai inuwa, wato mutum-mutumi mai cikakkun gaɓɓai, wadda take haram, da zanen da ba shi da inuwa, wanda bai wuce karhanci ba.

Abin da ya fi rinjaye a wurinmu shi ne hoton kyamara halal ne idan abin da ke cikinsa halal ne a gani. Wanda ya bar shi don tsentseni ya kyauta, ba a zarginsa, shi ma ba ya zargin wanda ya bi ɗaya fatawar. Muna dai ba da shawarar kada a kafa shi a firam a bangon falo, don fita daga saɓani kan hadisin rashin shigar mala'iku gidan da ke da sura.

Kada kuma hoton ya yi ƙarya. Wanda ya naɗa rawanin sarauta ya yafa alkyabba don a ɗauka yana da sarautar da ba shi da ita, ko aka liƙa masa birnin da bai taɓa zuwa ba a bayansa ya yaɗa kamar gaske, ya shiga gargaɗin hadisin Asma'u a Bukhari da Muslim kan mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba. Idan kowa ya san shigar hoto ce, babu yaudara.

Mai hoton, da inda hoton zai je

A nan nake so ka fi tsayawa, domin mutane kan ɓata lokaci suna jayayya kan asalin riga su bar wannan. Yi tunanin yadda aikin yake gudana. Namiji baƙo zai ce wa matarka ta ɗaga haɓa, ta karkata, ta yi murmushi, wani lokaci ya kai hannu ya gyara mata mayafi. In ya koma shago zai zauna a gaban kwamfuta sa'o'i yana zuƙo fuskarta yana gyarawa, yaran shagon suna tsaye a bayansa. Sannan hotunan suna nan a na'urarsa bayan ya ba ku naku. Da yawa daga masu wannan sana'a da hotunan amare suke talla a Instagram da TikTok da Facebook, ba don mugunta ba, haka kasuwar take. Hoton da ya hau intanet kuwa ba ya dawowa. Ana iya rabuwa, ana iya mutuwa, mace ta yi wani auren, hoton yana nan yana yawo a wayoyin mutanen da ba ta sani ba.

Mafita tana da matakai gwargwadon hali. Mafi kyau a sami mace mai hoto, ita za ta ɗauka ita za ta gyara, in ana son hoton da amarya ta yi cikakken ado. In ba a samu ba, muharraminta ya ɗauka, wayoyin yanzu sun isa. In dole sai namiji baƙo, to ta kasance cikin cikakkiyar sutura, ba kwalliya mai jan ido, ba turare, kana wurin daga farko har ƙarshe, ba ya taɓa ta, kuma ku bar rungume-rungume a gabansa ko da halal ɗinka ce, kunya tana cikin imani. Ku yi sharaɗi tun kafin biyan kuɗi, a rubuce in ya yiwu, cewa ba zai sa hoton a talla ba kuma zai goge nasa bayan ya miƙa. Sharaɗi ne ingantacce da shari'a ta wajabta masa cikawa, hoton kuma amana ne a hannunsa. Kayan hayar su ma amana ne a hannunku: in sun lalace ba da sakacinku ba babu ramuwa a kanku, in da sakaci kuwa sai ku biya.

Kai an riga an ɗaura maka, matarka ce. Amma ga mai karanta wannan da bai kai nan ba: baiko da sa rana da kai lefe ba sa halatta komai. Hotunan kafin aure da ake yi ana jingina da juna ana riƙe hannu, da kayan Fulani ne ko da shadda, haramun ne, kuma sau nawa aka fasa auren aka bar yarinya da hotuna a hannun jama'a.

Dutsen Kwatarkwashi

Dutse halittar Allah ne, kallonsa da tsayawa a gindinsa babu laifi. Gaskiya ne tarihin wurin yana da alaƙa da al'adun zamanin maguzanci, irin su bikin kamun maiki. Ma'aunin da Annabi (S.A.W.) ya bayar yana cikin hadisin Sabit ɗan Dahhak a Sunan Abi Dawud: wani ya yi bakancen yanka raƙumi a wani wuri mai suna Buwana, Annabi ya tambaya ko akwai gunkin da ake bauta wa a can, ko wani idi na jahiliyya, da aka ce babu, ya ce ya cika bakancensa. Hoto bai kai yanka ba, don ba ibada ba ne. Ku dai nisanci duk wani kogo ko gindin itace da aka san ana kai wa iskoki wani abu, kada ku kwaikwayi wani abu na tsafi.

Abu biyu ne suka fi damuna da wannan tafiya. Na farko tsaro. Hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa, wadda Kwatarkwashi take kanta, ta sha fama da hare-haren 'yan bindiga da satar mutane, kuma aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mu jefa kanmu cikin halaka. Ka tambayi mutanen garin halin da ake ciki a ranar, kada ku yi nisa da gari, kada ku kai duhu. In an ce da shakka, fasa. Na biyu salla. Masu hoto sun fi son hasken la'asar sakaliya, lokacin da La'asar take ƙoƙarin fita Magariba tana shigowa, amarya kuma tana gudun alwala don kada kwalliya ta goge. Ku yi La'asar kafin ku fara. Farcen roba da jan farce mai hana ruwa taɓa farce suna ɓata alwala, lalle ba ya ɓatawa.

Kuɗin aikin kuwa, in daga aljihunka ne ba tare da ka tauye wani haƙƙi ba, to. In sai ka ci bashi alhali ga kayan abinci da kuɗin haya suna jira, Suratul Isra'i aya ta 26 da 27 sun yi magana a kan masu almubazzaranci da kakkausan lafazi.

Kawunka

Kada ka tura masa wannan amsa ta WhatsApp kamar mai cewa ga shi na kayar da kai. Ka je ka gaishe shi, ko ka kira shi in hanya ba ta yi ba, ka ce: Kawu, na ji maganarka, na tambayi malamai, ga abin da na bari, ga abin da na gyara. Dattijo irinsa yawanci abin da ya gani a hotunan amaren zamani ne yake ƙona masa rai, kalmar kamanceceniya ce kawai ta zo masa kusa. In ya ji cewa amarya za ta kasance a suturce, ba ɗigon goshi, ba yaɗawa a waya, mai yiwuwa ya sauko.

Amsa gayyatar walima wajibi ne a wurin Malikiyya ga wanda aka gayyata da sunansa, matuƙar babu abin ƙi a wurin walimar, hoton da aka ɗauka wata rana a wani wuri kuwa ba ya cikin wannan. Amma ba kai ne za ka karanta masa wannan hukunci ba, ka bar wani babba ko limaminsu ya faɗa masa. In rantsuwa ya yi, sai ya zo ya yi kaffara kamar yadda aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta tsara: ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, in bai samu ba azumin kwana 3. In kuma ya dage, ka fasa fita Kwatarkwashi ka karɓi kawunka a walima. Bayan amarya ta tare, ku ɗauko kayan ku sa a ɗakinku, ƙanwarka ta ɗauke ku.

Allah ne Mafi sani.